ƊAN BAYA DAGA AREWA: ABIN DA TAFIYAR SHEHU ABDULLAHI KE NUNA WA YARAN LIMAWA

Mutumin Arewa da ya daɗe a Ikko ko Badun ko Fatakwal ba ya rasa irin wannan saƙo daga gida: wai ga yaro nan tafe, ya iya ƙwallo, a taimaka a ba shi wurin kwana, wani mutum ya yi alkawarin zai kai shi gwaji Turai. A Limawa, tsohuwar unguwar nan da ke tsakiyar Minna, maganar ta zama ruwan dare. Da la'asar filayen makarantu cike suke da samari masu buga tamaula, da dare kuma gidajen kallon ƙwallo ba masaka tsinke, kowane yaro yana ganin kansa a cikin akwatin talabijin ɗin. Wanda zai sauki yaron a Agege ko Idi-Araba ko Sabon Badun, shi ne zai ciyar da shi, shi ne kuma za a tambaya in abin ya ɓaci. Don haka ya kamata ya san yadda hanyar take tun kafin ya amsa.

Babu misalin da ya fi dacewa a duba kamar na Shehu Abdullahi, ɗan Sakkwato, mai tsaron baya ta hannun dama, watau lamba biyu. Sakkwato da Minna dai jiha ɗaya suke a dā, Jihar Arewa maso Yamma, kafin a raba su a 1976. Shehu bai yi sunan Ahmed Musa ba, bai kuma taɓa buga wa manyan kulob na Ingila ko Sifen ba. Wannan ma shi ya sa labarinsa ya fi amfani ga talaka, domin irin hanyarsa ce mafi yawan waɗanda suka dace suke bi.

DAGA JOS ZUWA TURAI

An haifi Shehu a 1993. Kafin ya ga ƙofar jirgin sama sai da ya yi wasa a Plateau United ta Jos, sannan a 2012 ya koma Kano Pillars. Ya zo a kan gaɓa, gama lokacin ne Pillars ta ci kofin gasar ƙasa sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. A nan ya koyi abin da ba a koyo a filin unguwa: tafiyar mota ta yini guda zuwa Aba ko Inugu, wasa a gaban 'yan kallon da ba sa ƙaunarka, da riƙe gurbi ana ta neman ƙwace shi. A nan ne kuma masu zaɓen 'yan wasan ƙasa suka gan shi.

A 2014 ya tafi Kuwet, kulob ɗin Qadsia. A 2015 ya shiga Turai ta ƙaramar ƙofa, kulob ɗin União da ke tsibirin Madeira na Fotugal, wadda ta faɗa rukuni na biyu a ƙarshen kakar. A 2016 ya koma Anorthosis ta Saifurus. A watan Janairun 2018 Bursaspor ta Turkiyya ta saye shi, ya tarar da William Troost-Ekong a can. Bursaspor ɗin nan ta taɓa cin kofin Turkiyya a 2010, amma a 2019 ita ma ta faɗa. A 2020 ya komo Saifurus, wannan karon Omonia ta birnin Nikosiya, inda aka ci kofin gasar ƙasar da shi a 2021, aka kuma ci kofin ƙalubale a 2022. Daga nan ya ɗan taɓa zama a Levski ta Bulgeriya, sannan ya komo gida, ya sake sa rigar Kano Pillars, inda a 2024 ya haɗu da Ahmed Musa.

Mai karatu ya lissafa da kansa: kulob shida, ƙasashe biyar, cikin shekara takwas da ɗoriya. Sau biyu kulob ɗinsa na faɗuwa yana ciki. Kowane sabon wuri da harshensa, da mai koyarwarsa, da kwantiragin shekara ɗaya ko biyu ko uku. Wannan ita ce rayuwar ɗan ƙwallon da ya yi nasara, balle wanda bai yi ba.

RIGAR ƘASA

Abin da ya ɗaga Shehu shi ne ya iya gurbi biyu. A Pillars da wasu kulob yakan yi wasa a tsakiya yana tare hanya, a ƙungiyar ƙasa kuma aka fi sa shi a baya ta dama. Mai koyarwa da aka ƙayyade masa mutum 23, ko 18 kamar yadda ake yi a wasannin Olamfik a lokacin, yana son ɗan wasan da zai toshe masa kafa biyu.

Ya je gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a Turkiyya a 2013. A 2014 marigayi Stephen Keshi ya tafi da shi Afirka ta Kudu gasar Afirka ta 'yan wasan gida, inda Nijeriya ta zo ta uku. A gasar nan ne Maroko ta sha gaban Nijeriya da ci uku ba ko ɗaya kafin hutun rabin lokaci, aka komo aka farke duka, aka tashi huɗu da uku.

Sai Olamfik ta 2016 a Barazil, ƙarƙashin Samson Siasia. Kowa ya tuna yadda 'yan wasan suka maƙale a Atlanta ta Amurka saboda rikicin jirgi, suka sauka Manaus ana saura 'yan sa'o'i a take wasa, suka kuma doke Japan biyar da huɗu. Suka ci Suwidin ɗaya ba ko ɗaya, Sadiq Umar ɗan Kaduna ya jefa ƙwallon. Suka fitar da Denmak, Jamus ta tare su a wasan kusa da na ƙarshe, sannan suka doke Honduras uku da biyu suka karɓi lambar tagulla. Ita ce kaɗai lambar da Nijeriya ta samo a wasannin Olamfik na wannan shekara, kuma Shehu ne ke riƙe da hannun dama na baya.

Ranar da ya fi haskawa ita ce 7 ga Oktoba, 2017, a Uyo. Nijeriya na neman nasara a kan Zambiya don ta sami zuwa gasar duniya a Rasha, wasa ya yi nisa ba ci. Shehu ya sheƙo ta gefen dama, ya karɓi ƙwallo, ya mayar da ita baya cikin da'ira, Alex Iwobi ya zura. Washegari hoton Iwobi ne a shafin farko na jaridu. Haka rabon ɗan baya yake: in ya gyara a yabi wani, in ya ɓata kowa ya san sunansa.

Wata ɗaya bayan haka aka ga ɗaya fuskar. A watan Nuwamba aka sa Shehu a wasan ƙarshe da Aljeriya, aka tashi ɗaya da ɗaya, alhali yana da katin gargaɗi biyu da suka haramta masa wasan. Hukumar ƙwallon duniya, FIFA, ta ba Aljeriya wasan da ci uku ba ko ɗaya, ta kuma ci tarar hukumar ƙwallon Nijeriya kuɗin Suwizalan 6,000. Lissafin kati aikin ofis ne, ba na ɗan wasa ba. Sa'ar da aka yi ita ce Nijeriya ta riga ta tsere wa sauran da maki masu yawa. Da tazarar ba ta kai haka ba, da sunan yaron Sakkwato ne zai rataya a kan rashin zuwa Rasha har abada, a kan sakacin da ba nasa ba.

A Rasha, a 2018, shi ya fara wasa da Kuroshiya, aka ci Nijeriya biyu ba ko ɗaya. Mai koyarwa Gernot Rohr ya sake tsari, ya sa mutum uku a baya, ya ja Victor Moses zuwa gefen dama, Shehu ya koma benci. A tsarin nan ne Ahmed Musa ya ci Aisilan biyu. A 2019 a Masar Shehu ya sake fara wasan farko da Burundi, ya ji ciwo tun kafin hutun rabin lokaci. Nijeriya ta zo ta uku a gasar, amma gurbin ya riga ya tafi hannun wasu. Sauyin tsari guda da ciwon cinya guda sun isa su juya rayuwar ɗan wasa yana ɗan shekara 26.

YADDA SUWIDIN KE YI

Don a gane inda gizo ke saƙa, a ajiye labarin Shehu kusa da na wani ɗan baya daga ƙasar da Nijeriya ta doke a Manaus. Andreas Granqvist ɗan wani ƙauye ne kusa da birnin Helsingborg a kudancin Suwidin, an haife shi a 1985. Kulob ɗin birnin ya rene shi. A 2007 ya tafi Wigan ta Ingila, abin bai yi kyau ba, aka mayar da shi aro Helsingborg. Daga nan ya sake fita: Groningen ta Holan a 2008, Genoa ta Italiya a 2011, Krasnodar ta Rasha a 2013. Shi ne kyaftin lokacin da Suwidin ta hana Italiya zuwa gasar duniya a Nuwamban 2017, kuma a Rasha ya ci fenariti biyu, ya kai ƙasarsa zagayen kusa da na kusa da ƙarshe kafin Ingila ta fitar da su. Ya buga wa ƙasarsa wasa 88. Ana gama gasar ya komo Helsingborg, alhali tana rukuni na biyu, aka hau da shi rukuni na ɗaya a wannan shekara.

Kamar dai labarin Shehu ne: gida, yawon ƙasashe, gasar duniya ta 2018, sannan gida. Bambancin yana wurin tushe. Da Granqvist ya faɗi a Ingila yana ɗan shekara 22, akwai inda ya faɗo, aka tallabe shi ya sake tashi. A Suwidin doka ce ta wasanni cewa membobin kulob su ne ke riƙe da rinjayen ƙuri'a, watau aƙalla kashi 51 cikin ɗari. Kulob na mutanen gari ne, suna biyan kuɗin memba, suna zaɓen shugabanni, kuma kusan kowane kulob yana da ƙungiyoyin yara aji-aji, kowane yaro da sunansa a rajista. Mutanen ƙasar duka miliyan goma ne da 'yan kai, ba su kai mutanen Jihar Kano yawa ba bisa ƙiyasin da ake yi.

A nan kuwa yawancin kulob na rukuni na ɗaya mallakar gwamnatocin jihohi ne, har da Pillars da Niger Tornadoes. In gwamna mai son ƙwallo ne a ga haske, in ba ya so a shiga duhu. Ana sauya shugabanni da sauyin gwamnati, kuma kukan bashin albashi da na alawus ba baƙo ba ne a kulob da dama a ƙasar nan. Duk da haka, wannan tsani mai rawa shi ne ya ɗauki Shehu. Abin tambaya shi ne ko akwai irinsa a Minna.

TORNADOES DA MUTANENTA

Tarihin Niger Tornadoes ba abin rainawa ba ne, kuma mazauna Kudu sun shaida rabinsa da idonsu. A 2000 ta doke Rangers ta Inugu ɗaya ba ko ɗaya a Ikko ta ɗauki kofin ƙalubale. A 2017 ta sake kai wa wasan ƙarshe a filin Agege, aka tashi ba ci da Akwa United, ta faɗi a bugun fenariti. A 2019 a Kaduna aka maimaita: ba ci, fenariti, Kano Pillars ta ɗauka. Kulob ɗin da ya kai wasan ƙarshe sau biyu cikin shekara uku, a shekarar 2019 ɗin ce kuma ya faɗa rukuni na biyu, bai komo ba sai 2021.

Abin lura shi ne waɗannan wasanni biyu na ƙarshe an yi su ne ba a zura wa Tornadoes ko ɗaya ba. Watau Minna ta san tsaron gida. Matsalarta ita ce gidan kansa. An yi kakannin wasa da Tornadoes ke karɓar baƙinta a Lakwaja, wasu kuma a Kaduna, saboda filin Bako Kontagora bai cika sharuɗɗan masu shirya gasa ba. Yaron Limawa da ke iya takawa da ƙafa zuwa filin, a irin waɗannan shekaru sai dai ya ji sakamako a rediyo. Wanda bai taɓa ganin ɗan unguwarsu sanye da rigar kulob ɗin jiharsu ba, dole hankalinsa ya tafi Landan da Madrid, ya ɗauka babu komai a tsakanin filin firamare da Turai. A wannan gurbin da aka bari ne dillalan ƙarya suke kafa rumfa. Kuma Minna gari ne da ya sha fama da faɗan samari tsakanin unguwanni, saboda haka duk abin da zai riƙe yaro a fili da yamma, ƙarƙashin idon babba, ba wasa ba ne kawai.

WANDA YA TSALLAKE TSANI

Mai musu zai kawo Zaidu Sanusi, kuma yana da hujja. Zaidu ɗan Jega ne a Jihar Kebbi, an haife shi a 1997, mai tsaron baya ta hagu. Bai yi suna a gasar rukuni na ɗaya ta Nijeriya ba ya tafi Fotugal, ga shi kuma ya kai inda Shehu bai kai ba. Ranar 7 ga Mayu, 2022, shi ya zura wa Benfica ƙwallo a gidanta a mintin ƙarshe, wanda ya ba Porto kofin ƙasar. Yana cikin waɗanda suka kai Nijeriya wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abijan a Fabrairun 2024.

To, amma a duba da kyau. Zaidu bai sauka a Porto daga jirgi ba. Ya fara da matasan Gil Vicente, ya yi shekaru a Mirandela, ƙaramin kulob na rukuni na uku a wani gari na cikin duwatsu, sannan Santa Clara a 2019, sannan Porto a 2020. Tsanin nan dai ya hau shi, sai dai a ƙasar wasu, cikin sanyi da kaɗaici. Kuma bayan wasan Abijan da 'yan kwanaki ya ji mummunan ciwo a gwiwa wanda ya zaunar da shi watanni. Ana jin labarin Zaidu ne domin ya kai. Waɗanda bizarsu ta ƙare suna kwana a tashar jirgin ƙasa, ko aka yasar da su a wani otal a wata ƙasar Afirka ko Asiya, ba mai buga hotonsu.

ABIN DA DOKA TA CE

Abu biyu ne a dokokin FIFA ya kamata kowane mai masauki ya riƙe. Na farko, an hana a sayar da yaro ko a kai shi wani kulob a wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan, kamar in iyayensa ne suka yi ƙaura don wani dalilin da ba na ƙwallo ba. Saboda haka duk wanda ya ce zai kai ɗan shekara 15 ko 16 daga Minna ya sa hannu a Turai, ko dai ƙarya yake yi, ko kuma zai yi wasa da takardun haihuwa, wanda in asiri ya tonu yaron ne zai kwana ciki.

Na biyu, in aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin kwantiragi, ana ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin a raba wa kulob ɗin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Wannan kuɗi ba ya zuwa sai in kulob ɗin yana da rajista da hukumar ƙwallo, yaron kuma an rubuta shi a ciki. Ƙungiyar unguwa da ta rene yaro shekara biyar ba takarda, ranar da aka sayar da shi miliyoyi ko sisi ba ta da shi. Ƙananan kulob na Suwidin da irin wannan kuɗi suke ƙara gyara fili da sayen kaya. Na Limawa da Unguwar Daji da Kwangila za su iya yin haka in sun bi ta ofishin hukumar ƙwallon jiha suka yi rajista.

NAUYIN DA KE KAN MAZAUNA KUDU

Wanda aka aiko wa yaro yana da damar yin tambaya kafin ya shimfiɗa tabarma. Wane kulob ne yaron ke bugawa a gida, kuma yana da rajista? Wane kulob ne ya gayyace shi, ina takardar gayyatar? Dillalin yana da lasisin FIFA? Kulob na gaskiya da ke son ɗan wasa shi ne ke ɗaukar nauyin zuwansa. In aka ce uba ya sayar da fili ko gona ya kawo kuɗin biza da tikiti, to, yaron ba ɗan wasa ba ne a wurinsu, haja ne. Sannan a tambayi inda makaranta ta kwana, ko sana'ar hannu, gama ɗan wasan da ya daɗe shi ne ya kai shekara 35, kuma gwiwa ba ta yin sallama kafin ta tafi.

Bayan wannan, ƙungiyoyin 'yan Neja da ke Ikko da Badun da sauran birane, waɗanda ke tara kuɗi don biki da jaje, za su iya ɗaukar nauyin rajistar ƙungiyar unguwa guda, ko gasar makarantun firamare guda a shekara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ita kuma gwamnatin jiha, abin da ake nema gare ta bai wuce fili mai kyau da Tornadoes za ta zauna a kai kowace kaka ba, da albashi a kan kari, da ƙungiyar matasa da ke ɗibar yara daga unguwannin Minna da Bida da Kontagora da Suleja.

Shehu Abdullahi ya kai Barazil da Rasha da Masar ne domin akwai Jos da Kano a ƙarƙashin ƙafarsa, kuma da yawon ya ƙare akwai inda ya komo aka karɓe shi hannu biyu. Yaron Limawa da ya iya tare gaba yana da hakkin ya sami irin wannan a garinsu, kafin a ɗora shi a motar Ikko da jaka guda da lambar wayar mutumin da ba wanda ya sani.